Kawu Ba Shi Nan

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, in manta sunan unguwarmu, in riƙa neman hulata tana bisa kaina, na tabbata abu guda zai rage. Shi ne ranin da ɗiyar ƙanwata ta riƙa tura ni tafiye-tafiye ina kwance a tsakar gidana. Wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mai sama.

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne a Dogon Dutsi. Da damina ta ɗauke, masu lambu suka zuba dankalin turawa a fadama, to ni ne sarkin garin, rawani kawai ba a naɗa mini ba. Inji ya yi tari a nemo ni, inji ya yi atishawa a nemo ni. Ina da waya, amma wayata ta fi guga sanin cikin rijiyoyin fadama, shi ya sa mutanena suka fi gane su tako har gida. Kuma kowa ya san yadda ake yi. Baƙo namiji ba ya faɗa wa gidan mutane. Waje zai tsaya ya kwaɗa sallama, yaro ya fito, ya ce masa, "Maigida na nan?" Yaro ya koma ciki ya ce, "Ana sallama da kai." Haka muka taso muka tarar, ban taɓa zama na yi tunanin akwai wani abu a ciki ba.

A wannan shekarar ce ƙanwata ta aiko mini da ɗiyarta. Suna wani ƙauye can bayan Sukukutane. Shekarun baya 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da rana tsaka suka tafi da mijinta, har yau ba shi ba labarinsa. Duk mun san wannan, mun yi kuka, mun yi addu'a, rayuwa ta ci gaba. Daga baya aka rufe lakwal ɗin ƙauyen, wato makarantar boko, ita kuwa yarinyar tana da kai, sai uwar ta ce in riƙe ta ta ci gaba da karatu a wurina. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba lokacin. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka ba na iya kama sunan, "uwata" nake ce mata.

Yarinya ce mai natsuwa, ga tsabta, ga ƙoƙari. Mushen ajinsu, wato malaminsu, ya tare ni a hanya ya yi ta yabonta har na fara tafiya kamar ni na haife ta. Amma akwai abubuwan da suka ɗaure mini kai tun farko. Cokali ya faɗi ƙasa, sai ta zabura kamar an harba bindiga a kunnenta. Ba ta zama ta ba ƙofa baya, kullum bango ne a bayanta, idonta a kan zaure. Idan na ɓata fuska ina kokawa da wani ƙarfen da ya ƙi kwancewa, sai in ji 'yar murya a gefena, "Kawu, na yi laihi?" In ce, "Ke uwata, wanga ƙarhe na yi laihi, shi da wanda ya ƙera shi." Ba ta dariya. Ni fa mutum ne da na taɓa sa mutane dariya a wurin zaman makoki har liman ya kore ni waje, sannan ya biyo ni ya ce in ƙarasa masa labarin. Amma wannan yarinya, duk abin da na zuba, kallon hannuwana kawai take yi.

Abin da ya ƙara rikita ni, a gidan nan akwai babban ɗana, saurayi ɗan koleji, wanda Allah bai sa masa tsoro ko na ƙwayar gero ba. Shi ne mai hawa dutsen bayan gari ta inda awaki ma suke tsayawa su yi shawara. Shi ne mai sakin kan babur ya miƙe tsaye yana gaida mutane. In na yi faɗa ya ce, "Se pa grab, Baba," wai ba komai ba ne. Tuwo ɗaya suke ci, ruwan randa ɗaya suke sha, ɗaya na tsoron cokali, ɗaya ba ya tsoron mutuwa. Na kan zauna in dube su in ce, ya Rabbi, da ka zuba su turmi guda ka kirɓa ka raba biyu, da na samu 'ya'ya biyu daidai.

To sai ga wani abu da muka ɗauka alheri ne. Da an yi sallama a waje, kafin ƙananan yaran su aje abin da ke hannunsu, uwata ta kai zaure. Ko wanki take ta yar, ko tuwo take ci ta tashi. Maiɗakina ta ce, "Ka ga ɗiyar kirki, ba ta jira a aike ta." Ni ma na yi ta sa mata albarka. Takan dawo ta ce mai tambayar hanya ne, ko ta ce an yi kuskuren gida. Ban kawo komai a raina ba.

Sai aiki ya ɗauke ɗif. Tsakiyar rani, injuna na ta kuka a fadama ina jin su daga gida, amma ba mai nemana. Na fara zargin an buɗe wani sabon mai gyara. Na fara zargin injunan sun tuba sun daina lalacewa. Ina cikin wannan sai wani mai lambu ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Sannu da dawowa! Ya ka baro mutanen Gaya?" Na ce wace Gaya? Ya ce to ai an ce can ka tahi. Ban gama da shi ba wani ya ce, "Ashe ka dawo daga Yamai, ina tsaraba?" Wani dattijo kuwa har faɗa ya yi mini, wai mutum da iyali ba ya kama hanyar Kwatano bai yi sallama da kowa ba, ga dankalinsa ya kwanta kamar an yi masa rasuwa. Na tsaya a tsakiyarsu ina shafa jikina. Ni da ko bakin kwalta ban kai ba a watan, an zagaya da ni ƙasashe, ban ji ko gajiyar hanya ba.

Ga kuma takalmana. Inda duk maigida ya cire takalmi, nan ake gane yana ciki, ni kuwa a bakin zaure nake barin nawa. Sai suka koyi yawo. Yau in same su bayan randa, gobe cikin akurkin kaji, jibi a kife da turmi. Wata rana na tafi masallaci da na maiɗakina, rabin dugadugina a ƙasa, mutane suka yi ta tambaya ko ƙafa ce ta kumbura.

Ba a daɗe ba aka gane inda zancen yake fitowa: uwata ce, kuma ita ke ɓoye takalman. Na kira ta, na zaunar da ita, na sassauta murya iyakar iyawata. "Uwata, mi na yi miki kike kore mini mutane?" Ta sunkuyar da kai. "Wani ya ce ki yi haka?" Ta girgiza kai. "To don mi?" Ta ce, "Ban sani ba, Kawu." Kuma wallahi fuskarta ta wanda bai sani ba ce. Yarinyar da ko ɓawon gyaɗa ta ɗauka sai ta faɗa, ita ce ke zuba ƙarya a ƙofar gida kamar famfo. Maiɗakina ta hana ta fita, ta ce ƙananan su riƙa amsawa. A banza. Da ta ji sallama jikinta ne ke tashi da kansa, ta tsallake yaran kamar akuya ta ga ƙofar rumbu a buɗe.

Sai ranar da abin ya kai inda ba a wasa. Surukina, mahaifin maiɗakina, dattijo ne mai ji da girmansa, a Kore Mairuwa yake zaune, kuma ba kasafai yake tako gidana ba. Ranar ya shigo gari ganin likita, ya ce bari ya biyo ya ga jikokinsa. Ya tsaya a ƙofa da rawaninsa da sandarsa ya yi sallama. Uwata ba ta taɓa ganinsa ba. Ta fita ta ce, "Ba shi nan. Ya yi tahiya." A daidai wannan lokacin ni kuwa ina tsakar gida ina ba yara labari, na saki dariyar nan tawa da ake ji har kasuwa. Tsohon ya ce, "To wa ke dariya a ciki?" Ta ce rediyo ne. Ya ce to a kira masa ɗiyarsa. Ta buɗe hannuwa ta tare ƙofar ta ce babu kowa a gidan. Tsoho ya juya ya nufi tasha.

Da la'asar waya ta iso wa maiɗakina daga ƙanenta. Wai Baba ya ce ya gode, ya ga matsayinsa. Mijinta na ciki yana ƙyalƙyata dariya ya sa yarinya ta kore shi kamar mai bara. Ya ce ƙafarsa ba ta sake taka gidan.

Na auri matar nan shekaru masu yawa, ban taɓa ganin ta yi shiru irin na ranar ba. Na fi son faɗanta sau dubu. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Malam, na yi haƙuri da aikin da aka kashe maka, na yi haƙuri da takalma cikin kaji. Amma ubana? Ranar kasuwa motar ƙauyensu na zuwa. A sa ta ciki." Ta shiga ɗaki ta haɗa kayan yarinyar a 'yar jaka ta aje a bakin ƙofa inda kowa zai gani.

Mahaifiyata, wadda ke zaune da mu, tana da nata bayanin. Ita asalinta wajen Lugu ne, kuma duk da carbin da ba ya barin hannunta, ba ta yarda a raina mutanen ɓoye. Ta ce, "Kai wanga, ba ka da ido? Doguwa ce bisa kanta. Ɗiya ta hito daga daji, ta bi ta ƙarƙashin itatuwa da ba a san masu su ba. Ita ke magana da bakinta. A kai ta a yi mata abin da ya kamata, ba mota ba." Na ce, "Inna, wace irin doguwa ce ba ta da aiki sai ɓoye takalma?" Ta ce in ci gaba da baki, wata rana ni za a ɓoye.

Na rasa inda zan sa kaina. In ta koma ƙauye, karatu ya ƙare, don babu lakwal a can, kuma da wane ido zan dubi ƙanwata? In ta zauna, gidana ne ke rawa. Ga shi ban ma gane laifin da nake hukuntawa ba. Sai na ce, kafin ranar kasuwa, bari in ga abin nan da idona. Kullum ina ciki ake yin sa, ban taɓa ganin yadda yake daga waje ba.

Da hantsi na zagaya bayan ɗaki na haura katanga. Mutum mai tumbi irin nawa da haura katanga, abin da aka yi ba ya faɗuwa, katangar dai har yau ba ta yafe mini ba, wandon kuwa an yi masa sutura. Na zagayo na laɓe bayan amalanken maƙwabta, inda nake hango ƙofata. Ban jima ba sai ga wani abokina mai lambu bisa babur, ya naɗe fuska da ƙyalle saboda rana. Ya kashe babur, ya yi sallama.

Ta fito. Ban taɓa ganin fuskar da na gani a lokacin ba. Ba ta dubi idonsa ba, hannuwansa ta duba, sannan kafaɗarsa, sannan babur ɗin, sannan bayansa ko akwai wasu. Tsoro ne zalla, ina gani daga inda nake. Amma ta kafa ƙafa a tsakiyar ƙofa ta kama gefe da gefe.

"Maigida na nan?"

"Ba shi nan. Ya yi tahiya."

"Haba ɗiyata, jiya na gan shi. Injina ya tsaya, dankalina na mutuwa."

"Ya yi nisa. Ba shi dawowa yanzu."

Ni kuma, da halina, na ga dama ta samu. Na fito daga bayan amalanke ina kaɗa hannu na ce, "Ga ni na sauka daga jirgi!" Na zo na dafa kafaɗar abokina, ina jiran a yi dariya.

Ƙarar da ta yi, har yau tana cikin kunnena. Ta yo kanmu da gudu ta shiga tsakanina da shi, ta ture ni da ƙarfin da ban san daga ina ta samo shi ba, ta kama hannun mutumin ta gartsa masa cizo. Tana ihu, "Kawu, gudu! Gudu!" Abokina ya yi tsalle ya faɗa kan babur, babur ya faɗa kansa. Ita kuwa ta damƙe rigata tana ja na cikin gida tana faɗin, "Ba ni na kira shi ba! Wallahi ba ni na kira shi ba!" Ina ce mata, "Uwata, ni ne, abokina ne, kin san shi, shi ke kawo muna ganyen salati," amma idonta ya wuce ta cikina, ba ta ganina. Mutane suka taru. Mahaifiyata ta fito tana cewa, "Kun gani? Kun gani?" Abokina yana ƙasa yana duba hannunsa yana tambaya ko shi ma laifi ya yi. Ni kuwa ina tsaye da yagaggen wando, ban san wa zan ba haƙuri ba, ban san me ya faru ba.

Maƙwabciyarmu ce ta kawo ɗauki. Kirista ce, ma'aikaciyar jinya, shekaru muna katanga ɗaya, Madam muke ce mata. Ta ratsa taron ta ce kowa ya ja baya, a daina taɓa yarinyar, a daina yi mata magana. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, numfashi kawai take ja a hankali tana saki, har yarinyar ta fara bin ta. Sannan ta wanke wa abokina hannu, ta ja uwata zuwa gidanta.

Da yarinyar ta yi barci, Madam ta leƙo ta kira ni da maiɗakina. Ta ce, "Mi take nufi da ba ita ta kira shi ba? Wa aka kira?" Muka dubi juna. Ta ce, "Ran da aka tahi da babanta, tana ina?" Na ce tana gida mana, ƙarama ce lokacin. Ta ce, "Wa ya amsa sallama?"

Ban taɓa tambaya ba. Babu wanda ya taɓa tambaya. Na ari wayar Madam na kira ƙanwata. Na yi mata tambayar. Sai ta ce, "Yaya, ina daka ne. Aka yi sallama a waje, sallama mai kyau, kamar ta baƙin kirki. Na ce mata je ki gani. Ta dawo da gudunta tana murna ta ce, Baba, ana sallama da kai. Har takalmansa ita ta miƙa mishi." Ta fashe da kuka. "Amma ƙarama ce, Yaya. Ba ta taɓa tada zancen ba. Na ɗauka ta manta."

Maiɗakina ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe baki da gefen zane.

Madam ta yi mana bayani, ni dai abin da kaina ya iya ɗauka shi zan faɗa. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wani sashe da aikinsa gadi ne kawai, shi ke hango haɗari ya tada jiki tun kafin mutum ya yi tunani. Wannan mai gadin da wuri yake girma, tun yaro na ƙarami. Akwai kuma wani sashen, nan wajen goshi, mai cewa dakata, duba da kyau, wannan ba komai ba ne. Shi kuwa a hankali yake nuna, sai mutum ya wuce shekara ashirin bai gama ba. Yaron da ya ga tashin hankali da wuri, mai gadinsa yakan koyi darasin da ƙarfi, ya ƙi komawa ya zauna. Sai ya riƙa ganin ranar nan a kowace rana. Ta ce, "Ita ba ta zauna ta shirya ƙarya ba. Kafin hankalinta ya iso, jikinta ya riga ya kai ƙofa."

Na ce, "Tsaya, Madam. Inna ta ce akwai wata bisa kanta, ke kin ce akwai wani cikin kanta. Ni dai na ga duk kun yarda gidan da ɗan haya." Ta yi dariya ta ce bambancin shi ne, nata ɗan hayar kowa na da shi, har ni. Na ce to ɗana fa, mai miƙewa bisa babur, nashi mai gadin ya tafi cirani ne? Ta ce yana nan, sai dai a shekarunsa idon abokai ya fi ramin dutse ba shi tsoro, shi ma mai cewa dakata ɗin bai gama isowa ba. Ta ce in sa shi ya fita da tsohon wandona gaban 'yan ajinsu in ga ko ba shi da tsoro. Sai na tuna yaron nan ya taɓa ƙin zuwa koleji saboda aski bai yi masa daidai ba. Wato ciwon gida ɗaya ne, kowa da inda ya fito masa. Na gane, kuma ban gane ba.

Na ce to yanzu mene ne magani? Ta ce babu allurar da za ta yi mata a warke gobe. Akwai masu wannan aikin, za ta haɗa mu da su. Amma babban abin a gida yake: ta zauna inda hankalinta zai kwanta, ta riƙa ganin ana kiran mutum ya fita, kuma ya dawo. Ta gani, ta sake gani, har mai gadin ya yarda. Ta ce, "In kuka sa ta mota yanzu, abin da za ta koya shi ne, ta tsare ƙofa kuma an kore ta."

Maiɗakina ta share ido ta ce, "Ni na yafe, Allah ya gani. Amma Baba fa? Ba ni iya kwana da hushin ubana." Gaskiyarta ce. Jakar ta ci gaba da zama a bakin ƙofa.

Washegari na hau babur sai Kore Mairuwa. Duk wanda ya san zaman gaban suruki ya san azabar da ke ciki ga mutum irina. Takalmi a waje, gwiwa a ƙasa, ido a tabarma, ba wasa, ba dariya. Na ji barkwanci na taruwa a maƙogwarona ina haɗiye su ɗaya-ɗaya kamar ƙwayar magani. Tsohon ya amsa gaisuwata da ƙyar, yana kallon wani wuri. Na faɗa masa komai tiryan-tiryan, tun daga sallamar ƙauye har cizon abokina. Na so in kawo zancen mai gadi da goshi, na ga zan kwaɓa, na bari.

Da na gama ya ce, "Ba ta san ni ba?"

"Ba ta taɓa ganin ka ba, Baba."

"Ke nan ni ma cikin masu ɗaukar mutane ta sa ni."

Na ce a yi haƙuri, yarinta ce. Ya ɗaga mini hannu. "Na ga jikinta na rawa. Na gani da idona, na ce rashin kunya ce ke kaɗa ta. Ɗiya kamar tsinke, ta ga ƙato da rawani da sanda, a ranta bindiga na ƙarƙashin riga, kuma ba ta kauce ba." Ya juyo ya dube ni, karo na farko tun zuwana. "Kai, da kai ne, ka tsaya?"

Na ce, "Baba, da ni ne, da yanzu ana nemana a Doso."

Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce mini ba. Na daskare. Sai na ga kafaɗun tsohon na motsi. Ya tashi ya ce a ɗauko masa takalmansa, babur ɗina zai hau.

Da muka iso ƙofar gidana, na ce bari in shiga in ce a shimfiɗa masa tabarma. Ya ce in tsaya. A bakin hanya, mutane na wucewa, dattijon nan ya warware rawaninsa ya cire hular ma, ya bar furfurarsa a fili, abin da ko ɗiyarsa ta ce rabonta da gani tun tana goye. Ya jingine sandarsa a bango. Sannan ya kama hannuna. Suruki ya kama hannun mijin ɗiyarsa! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai tsaya a waje ba, tare muka kutsa zaure, sai da muka kai tsakar gida ya yi sallamarsa a hankali.

Uwata na zaune jikin bango. Ta miƙe zumbur, idonta ya sauka kan hannuwanmu. Tsohon ya ja ni har gabanta, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo har fuskarsa ta zo daidai da tata. Ya ɗora hannuna cikin nata ya ce, "Ɗiyata, ga kawunki na maido miki."

Ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa. Ta matse yatsuna har suka yi zafi. Babu wanda ya yi motsi a gidan, har mahaifiyata ta tsaida carbi. Can sai ta sake ni, ta je randa ta ɗebo ruwa a kwanon sha, ta durƙusa ta miƙa masa. Ya shanye tas. Yana aje kwanon ya dubi ɗiyarsa ya ce, "Wagga jaka ta wa ce a hanya? A maida ta ɗaki, kar wani ya yi tuntuɓe."

Ba a ranar ta warke ba, kada in yi muku ƙarya. An ɗauki lokaci mai tsawo, da taimakon mutanen da Madam ta haɗa mu da su, da haƙurin maiɗakina wanda ya fi nawa nesa. Mahaifiyata ta ci gaba da turara mata abin da take turarawa, ban hana ba. Ta gama lakwal a gidana, ta shiga koleji, yanzu ta zama budurwa, kuma takan yi dariya, ko da yake ta ce yawancin labaraina ba su kai ba.

Har gobe ban gama gane yadda kan yaro yake aiki ba. Injin ban-ruwa in ya lalace sai in kwance shi in ga inda ya ci, wannan kuwa ba a kwancewa. Abin da na riƙe shi ne, mu manya mun cika cewa yaro ƙarami ne, zai manta, don kawai bai yi magana ba. Ba ya mantawa, a jikinsa yake ajewa, ya girma da shi. Tun daga lokacin, in na ga yaro na aikata abin da ba shi da kai ba shi da ƙafa, ba na gaggawar kiransa maƙaryaci ko marar kunya. Nakan fara tambayar abin da idonsa ya taɓa gani, domin mai yiwuwa yana can tsaye a wata ƙofa shi kaɗai, yana tsare mu daga abin da mu muka daɗe da daina tunawa.